Sawun Ƙafa Ɗaya a Ƙofar Guga

Wata mai tallar koko ce ta fara ganin gawar da sassafe, a gindin ganuwa ta cikin Ƙofar Guga, bayan wasu tumfafiya. Kafin a ce a kira mai unguwa, a ce a kira ’yan sanda, duk wani mai ƙafa a unguwar ya zo ya taka wurin. Halin mutanenmu ke nan. In aka ce ga gawa sai kowa ya kutsa ya gani da idonsa, sannan ya koma gefe yana yi wa na baya faɗa kada su matso.

Shekarar da soja suka yarda za su koma bariki ce, saura ’yan kwanaki a rantsar da farar hula. Gari ya cika da fastoci da alkawura. Kowace yamma kuma kiɗan ’yan tauri, masu maganin nan da wuƙa ba ta kama su, yakan tashi daga tsohon siton gyaɗa na Alhaji Rilwanu da ke can gaba da ƙofa, wai suna shirin wasan da za su yi ranar rantsarwa. Unguwa ta saba da kiɗan har ta daina jin sa.

Mai unguwa ya aika a kira Yero. Bafulatani ne da ya daɗe da ajiye sanda ya zauna a wajen unguwar Kambarawa, sana’arsa bin sawun dabbobin da aka sace. In saniya ta ɓata a Katsina, shi ake nema kafin a nemi hukuma. Dogo ne, marar yawan magana, kullum idonsa a ƙasa, har wasu kan ɗauka kunya ce.

Da ya iso aka buɗa masa hanya. Ya duƙa ya yaye zanen da aka rufa wa mamacin. Bala ne, ɗan Gwaggo Delu mai fura, aminin ɗansa Alamin. Tun kafin saukar ruwan farko su biyun suka yi sallama da gida, suka ce sun sami aikin gadi a Abuja na bikin rantsarwa. To ga Bala a Katsina, kwance cikin laka da sukar wuƙa a haƙarƙari. Alamin kuwa babu shi, babu labarinsa.

Ya ji wani a bayansa yana cewa ƙasa-ƙasa, “Ai tare suka tahi da ɗan Bahillacen nan.”

Yero bai waiwaya ba. Tsoro iri biyu ne suka kama shi lokaci guda, bai ma san wanda zai fara ji ba: ko ɗansa na can kwance a wani gindin ganuwar, ko kuwa hannun ɗansa ne ya yi wannan aiki.

“Malam Yero,” in ji mai unguwa, “in abin ya yi maka nauyi, a nemi wani.”

“Ranka shi daɗe, babu wani. A dai ce jama’a su ja da baya. Sun riga sun taka abin da za su taka.”

Ya zagaya can nesa da gawar, inda ƙasa ba ta sha ƙafa ba. An yi ruwa jiya da magariba, ƙasa ta yi laushi, komai ya taka ta sai ya bar shaida. Nan ya ga sawun. Ƙafar hagu ce, babu takalmi, ta nutse sosai, yatsu sun kafe cikin ƙasa. Gaba kaɗan wata hagun. Gaba kuma wata hagun. Ya nemi dama ya rasa. Ya bi layin da baya har bakin hanya, inda tumaki da shanun da aka kora kasuwa da asuba suka shafe komai.

Ya tsinke kara ya auna tsawon sawun, ya karya daidai, ya sa a aljihu. Tun da yake bin sawu bai taɓa ganin irin wannan ba, kuma bai ɓoye wa mai unguwa ba.

“Mutum guda ne ya zo nan, da ƙahwa guda. Abin da ƙasa ta hwaɗa mani ke nan.”

Bai rufe baki ba jama’a suka juya gaba ɗaya suka nufi ƙofa.

*

A inuwar ƙofa Almu yake zama yana gyaran takalma. Mota ce ta cinye masa ƙafar dama tun yana saurayi. Kafin Yero ya iso an riga an kewaye shi, wani ya fizge sandarsa, wani kuma ya tuna cewa Almu ya taɓa zagin Bala a kan ɗinkin takalmi.

“Na zage shi,” in ji Almu, yana zaune dirshan, idonsa jawur. “Wa ban zaga ba a unguwar ga? Ni da ko kaza ba ni iya kamawa, ni zan tare ƙato kamar Bala?”

Yero ya ratsa ya tsuguna gabansa. “Malam Almu, ina kwana. Ina gajiya. Ya muka ji da wanga abu?”

“Sai haƙuri, Malam Yero. Kai ma ka zo ka kama gurgu?”

“Miƙo ƙahwar.”

Ya ɗora karan a tafin Almu. Ƙafar Almu gajera ce mai faɗi, karan ya wuce ta da kusan yatsa biyu. Yero ya miƙe ya ce a mayar masa da sandarsa.

“Ba shi ba ne. Kuma ku duba inda ya taka da sahe. Duk inda ƙahwarshi ta sauka akwai ramin sanda a gehe. Wancan sawun ba shi da sanda.”

Da mutane ne masu kunya da sun watse. Ina, sai suka sake sabon zance. Wani ya ce aljani ne, don an san masu ƙafa ɗaya suna bin ganuwa. Wani ya ce masu yankan kai ne, ai lokacin siyasa ne. Wata tsohuwa ta ce ita dai ta san Fulani da sihiri iri-iri, tana faɗa tana kallon Yero. Ya ceci Almu, zargin ya dawo kan ɗansa, kuma shi kansa ba shi da abin da zai kare shi da shi.

*

Gidan Gwaggo Delu na cikin lungun da ke bayan masallaci. Ya same ta zaune a tsakar gida, mata sun kewaye ta, turmin da take dakan fura kife a gefe. Ba ta kuka. Ya yi sallama daga bakin zaure, ya yi gaisuwa, ya yi addu’a, ta amsa duka ba ta tsallake ko ɗaya ba.

“Gwaggo, wa ya ɗauke su aikin nan?”

“Wani ne a Babbar Kasuwa, inda suke dako. Bala ya ce mani mai jar hula ne. Ya ce su same shi da asuba, kada su hwaɗa ma kowa, don kada matasa su yi yawa.”

“Bai aiko ba tun da ya tahi?”

“Da mi zai aiko? Ni ina nan ina ta murna ɗana na Abuja. Jiya ma da hadari ya taso ina daka, ina bin kiɗan su Mati da taɓarya, ina cewa ko can ma ana ruwa. Har kiɗan ya yanke ban aje taɓarya ba.”

Mati shi ne shugaban ’yan taurin da ke sito. Yero bai ɗauki maganar a bakin komai ba, don wa zai ci gaba da kiɗa ana ruwa?

Ya yunƙura zai tashi sai ta ɗago ta dube shi.

“Malam Yero, ina naka ɗan?”

“Shi nike nema, Gwaggo.”

“Tare suka hita ta ƙohwar nan. Nawa ya dawo. In ka ga naka, ka tambayar mani shi inda ya baro ɗan’uwanshi.”

Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai, amma bai ga laifinta ba. Da shi ne a matsayinta, da abin da zai tambaya ke nan.

*

A Babbar Kasuwa ya sha wahalar banza. Da ya ce yana neman mai jar hula, sai ’yan dako suka bushe da dariya duk da halin da ake ciki, don a makon nan wani ɗan siyasa ya raba jajayen huluna buhu guda. Mai wankin hula na da ita, mai rake na da ita, har mahaukacin bakin kasuwa na da tasa.

Ya wuce tasha. ’Yan kamasho sun san Bala, sun san Alamin, kuma suka rantse ba su sa su a motar Abuja ba, ko ta Kano, ko ta Jibiya. Wani direba ya ce kamar ya gan su a Funtuwa, da aka matsa masa ya ce ko a Malumfashi ne, da aka ƙara matsawa ya ce wataƙila wasu ne.

Yero ya fito kansa a ɗaure. In ba su hau mota ba, ina suka kwana duk tsawon lokacin nan? In a daji aka tsare su, me ya hana mai kisan ya bar gawar a daji? Kuma wane irin mutum ne mai ƙafa ɗaya zai ɗauko ƙato ya kawo shi cikin gari ba sanda? Duk tambayar da ya taɓa sai ta haifi wata.

*

Hukuma ta duba gawar ta sallama kafin azahar. Malam Babaji, na’ibin liman, shi yake wanke matattun unguwa. Yero ya same shi a zauren Gwaggo Delu yana shirin sa likkafani, ya roƙi a bar shi ya shiga.

Malam Babaji ba mai son yin magana a kan abin da ya gani a jikin mamaci ba ne, don amana ce. Amma ya ja Yero gefe.

“Don kai ne, kuma don ran wani na iya kasancewa a ciki. Sukar da ta kashe shi guda ce. Amma a damatsanshi da bayanshi akwai yanka-yanka, miƙaƙƙu, wasu sun hwara warkewa, wasu ɗanye. Ba na hwaɗa ba ne. Kamar an tsaida shi ne an ja wuƙa a natse.”

“Sai mi?”

“Sai tabon igiya. Amma ba yadda ake ɗaure mutum ba. Wuyan hannun hagu ya sale, idon sawun dama ya sale. Hannun dama da ƙahwar hagu lahiya lau. Wa ke ɗaure mutum haka?”

Yero ya tsuguna wajen ƙafafun. Tafin hagu ya yayyage, ƙaya da tsakuwa sun yi masa kaca-kaca. Tafin dama kuwa sumul, ko ƙwarzane babu. Ya ciro karan ya ɗora a kan na hagun. Ya zauna daidai, daga dunduniya har babban yatsa.

“Sawunshi ne,” ya ce. “Ba wanda ya kawo shi. Shi ya kawo kanshi.”

“Da ƙahwa guda? Ga biyu Allah ya ba shi.”

“Shi ne abin da ban gane ba, Malam.”

Aka yi salla aka kai Bala makwancinsa. Da jama’a suka watse, Yero ya koma gindin ganuwa shi kaɗai, ya tsaya inda sawun ya faro. Hannun hagu, ƙafar dama. Ya gwada haɗa su ta gaba, ya ga mutum ba zai iya ko miƙewa ba. Ya zauna ya gwada, bai ga ma’ana ba. Sai ya tashi tsaye, ya lanƙwasa ƙafar dama ta baya, ya zagaya da hannun hagu ya kama babban yatsa.

Jikinsa ne ya tuna kafin kansa. Haka suke tsayawa a dandali suna yara in za a yi langa, wasan da ake tsalle da ƙafa ɗaya ana bangazar juna, wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa ya fita.

Ya yi tsalle. Ya sake yi. Masu wucewa suka tsaya suna kallon dattijo da furfura yana langa da rana tsaka a wurin da aka tsinci gawa, wata mata ta ce Allah sarki, baƙin ciki ya taɓa shi. Bai yi nisa ba cinyarsa ta ɗauki wuta, ya kife a cikin laka. Ya waiwaya ya dubi abin da ya bari. Hagu, hagu, hagu, yatsu a kafe.

Yana kwance yana haki ya yi tunanin sauran. An ɗaure wa Bala ƙafa da hannu don kada ya saki, wato an sa shi langa dole. Wanda ya biyo shi ya same shi ya mutu, ya kwance igiyar ya tafi da ita, da safe kuma jama’a suka tattake sawunsa. Kuma Bala ko ya kai ƙarfin doki, da rami a haƙarƙari ba zai yi tsalle daga daji ba. Daga kusa ya fito, kusa ƙwarai.

Ya ɗaga kai ya dubi tsallaken hanya. Rumfunan masu itace ne, sai fili, sai doguwar katangar siton Alhaji Rilwanu da ƙofarta ta ƙarfe a rufe. Sai a lokacin maganar Gwaggo Delu ta dawo masa, cewa jiya kiɗa ya yanke. ’Yan tauri a cikin rufin kwano suke kiɗansu. Ruwa bai taɓa hana su ba.

*

Bayan la’asar zauren mai unguwa ya cika. An kira Alhaji Rilwanu, ɗan kwangilar da ya zama uban tafiyar jam’iyya a unguwa, da sunan za a tattauna tsaron ranar biki. Ya zo da Mati, wani gajere mai kauri da kambuna a damtse. Ga Malam Babaji, ga Almu a bakin ƙofa da sandarsa, ga sajan na ’yan sanda da kurata biyu. Gwaggo Delu ta ƙi zaman makoki, ta zo ta tsaya a waje cikin mayafi.

Yero bai iya jawabi ba, don haka bai yi ba. Ya ajiye karan a tabarma, ya faɗi abin da ya gani a ƙasa da abin da ya gani a jikin Bala. Sannan ya tashi ya kama yatsan ƙafarsa ta baya a gaban manyan mutane. Babu wanda ya yi dariya.

“Haka ya taho. Ku hwaɗa mani, mai rauni zai yi nisa a haka?”

Sajan ya ce, “To daga ina?”

“Tsakanin inda ya hwaɗi da inda ƙarhin mutum zai ƙare, runhunan itace ne, kowa na ganin cikinsu. Sai wuri guda da ba wanda ya taɓa leƙawa.”

Alhaji Rilwanu ya gyara babbar riga. “In sitona kake nuhi, Malam Yero, ka hwaɗa kai tsaye. Aro na ba Mati. Ni ko ƙohwar ban taka ba tun da suka shiga.”

“Mi ya hana ka, Alhaji?”

“Mati ya ce in wanda bai sha magani ba ya shiga, aikin zai karye.”

“Haka ne,” in ji Mati, bai ko ɗaga murya ba. “Kowa ya san ƙa’idar tauri. Ba mace, ba baƙo, ba mai janaba. Kai Bahillace, an hana ka ganin sharonku ne da za ka zo ka keta namu? Ɗanka ya kashe abokinshi ya gudu, kana neman wanda za ka shahwa ma.”

Wasu suka gyaɗa kai. Gaskiya ce, kowa ya san ƙa’idar, kuma tsoronta ne ya sa duk tsegumin unguwar nan ba wanda ya taɓa ɗora ido a kan ramin makulli. Yero ya auna abin a ransa. In ya yi kuskure, ya tozarta babban mutum a gaban hukuma, kuma ya tabbatar wa gari cewa ɗansa yake karewa.

Ya dubi Mati ya ce, “Sarkin tauri, mi ya sa kiɗa ya yanke jiya?”

“Ruwa.”

“Rannan an yi wanda ya hi shi, har gini ya hwaɗi a lungunmu,” in ji Almu daga bakin ƙofa. “Kun kai isha’i kuna bugawa. Ni ban yi barci ba, na sani.”

Mati ya buɗe baki zai amsa, sai kiɗan ya tashi.

Daga can tsallaken hanya ya taso, irin na kullum, mai sa jini tafasa. Yaransa ne suka ga in ba a buga yau ba za a tambayi dalili. Duk zauren aka juya ana saurare kamar ba a taɓa jin sa ba. Mati ya dubi ƙofa, ya dubi kuratan.

“Ga ka nan zaune,” in ji Yero a hankali. “To wa ake ma kiɗa?”

Bai jira amsa ba. Ya tsallake ƙafafun mutane ya fita da gudu, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

*

Da gatarin masu itace aka fasa ƙofar. Makaɗan suka watsar da ganguna suka haura katanga, aka kama na kamawa.

Cikin siton an share fili an zuba yashi. Samari huɗu ne tsaye a ciki, ba riga, kowanne an ɗaure masa hannun hagu da ƙafar dama ta baya. Sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, jikinsu duk zanen wuƙa. Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne, ko da suka ga jama’a da ’yan sanda ba wanda ya yarda ya zauna. Suna ta tangaɗi a kan ƙafa ɗaya, kowa na satar kallon na kusa da shi, don sun koyi cewa faɗuwa ita ce wuƙa.

Daga baya aka ji yadda abin yake. Mati ya yi wa Alhaji alkawarin zaratan da ƙarfe ba ya kamawa, waɗanda za su tsare shi yanzu da soja za su tafi. Maganin ya ƙi ci. Maimakon ya faɗi gaskiya, sai ya sa aka yaudaro ’yan dako yana ɗura musu, kowace yamma a sa su langa, wanda ya fara faɗuwa a gwada wuƙa a jikinsa a ga ko haɗin ranar ya kama. An sami kabari biyu a bayan sito. Ko Alhaji ya sani ko bai sani ba, har yau Katsina ba ta gama gardama a kai ba.

Yero bai san komai daga wannan ba a lokacin. Na ƙarshe a layin, dogo mai tsagen Fulani a kumatu, shi kaɗai yake gani.

“Alamin.”

Saurayin ya dube shi kamar bai gane shi ba. Yero ya rungume shi da hannu ɗaya, ya yanke igiyar da ɗayan. Ƙafar ta ƙi miƙewa, ta tsaya a lanƙwashe. Ya zaunar da shi a yashi yana ta hamdala a bayyane, hawaye na bin gemunsa, bai damu da wanda ke kallo ba.

“Baffa, Bala ya kai? Mun danne mai gadi ya hita. Ya kai wurin mutane?”

“Ya kai har cikin ƙohwa. Sawunshi na biyo.” Yero ya jefar da igiyar gefe. “An yi mashi sutura da azahar.”

Alamin ya zuba wa yashin ido. Da ya yi magana kuma bai rage murya ba, kamar wanda ya manta akwai kunnuwa a duniya.

“Ni na kada shi, Baffa. Jiya mu biyu aka haɗa. Na ga ya gaji, na san inda zan buge shi, na buge shi. In ban kada shi ba, ni ne. Sai da na ga wuƙar ta shige duka sannan muka hwaɗa ma mai gadi.”

“Yi shiru. Ba kai ka riƙe wuƙa ba.”

“Na san ya gaji, Baffa.”

Yero ya ga inuwa ta faɗo a kansu. Ya ɗaga kai. Gwaggo Delu ce tsaye, ta biyo jama’a ta shigo har tsakiyar filin, kuma a fuskarta ya gane ba abin da ya wuce ta. Ta dubi yashin da ƙafafu suka tona, ta dubi igiyar da ke yashe, ta dubi ƙafar Alamin da ta ƙi sauka.

Ta kwance mayafinta na sama ta yafa wa Alamin a kafaɗa, don jikinsa na ɓari.

“Allah shi ba shi lahiya, Malam Yero. Ba ni da ƙara a kanshi, ko gaban hukuma ko gaban Allah.” Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. “Amma in za ku gida, kada ka biyo da shi ta lungunmu. Ko yau, ko bayan yau.”

Ta lungun nasu ne hanyar ta fi kusa. Yero ya duƙa ya goya ɗansa, ƙato mai gemu, ƙafa ɗaya na reto ɗaya a naɗe. Ya fita ta ƙofar da aka fasa, ya juya wa gari baya, ya bi ta bayan ganuwa.